Kuɗin abonoma ba naki ba ne tukuna

Yau maganarmu ta ciniki ce. Zan riƙa cewa «ke», don a nan Gidan Rumji mata su ne masu tatsar man gyaɗa, su ne masu suyar ƙuli-ƙuli, su ne masu dakan fura. Kai kuma ɗan'uwa, kar ka juya shafi. In kana da tebur ko butik, maganar ta shafe ka.

Kin san kalmar abonoma. Daga faransanci muka aro ta. Mai gidan kallon ƙwallo ya san ta sarai. Kowane wata sai ya biya Canal+. In bai biya ba hoto ya ɗauke, samari su koma gidan maƙwabcinshi. Mai waya ma ya san ta, tun da yana sayen forfe na kwana, ko na sati, ko na wata. Ma'anarta ɗaya ce ko'ina: a biya tun gaba, a riƙa samun abu a kai a kai, har lokacin da aka yanka ya cika.

In kin duba, rabin abin ba baƙo ba ne gare mu. Bafillatana mai kawo nono gida ɗaya kowace safiya, ai ta san gidan, gidan ya san ta. Ɗan ga-ruwa ma yana da gidajenshi. Ba ya yawo yana neman mai saye. Amma waɗannan, galibi sai sun sauke kaya ake biyan su, kuma ido na ganin ido. Abin da ya sake yanzu guda biyu ne. Kuɗi ke riga kaya tafiya. Kuma mai sayen yana nesa, wani ma ba ki taɓa ganin fuskarshi ba.

A ƙasashen Turawa manyan kantuna na intanet sun daɗe da wannan ciniki. Akwai wani babban kamfani na Amurka, sunanshi Amazon. Tun shekarar 2007 ya buɗe wannan hanya. Mutum ya zaɓi sabulu, ko shayi, ko madarar yara. Ya ce a riƙa kawo mishi duk wata, ko duk wata biyu. Ya ba da lambar katinshi na banki. Shi ke nan. Lokaci na yi, na'ura ta cire kuɗi da kanta, kaya su iso ƙofar gida. Ana rage mishi ɗan wani abu a farashi don ya zauna. Me ya sa kamfani ke son haka? Don ya san tun yau abin da zai sayar gobe. Duk ɗan kasuwa abin da yake nema ke nan.

Mu nan ba mu da katin banki, yawancinmu. Kantinmu na intanet cikin waya yake, shi ne WhatsApp. Akwai irinshi na ƴan kasuwa, WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018. Tun 2019 ana iya jera kaya a cikinshi kamar bisa tebur: hoto, suna, farashi. Waɗanda ba su da shi suna sa hoton kaya kowa ya gani, a yi ciniki da saƙon murya. Kuɗi su zo ta Airtel Money, ko Moov Money, ko Zamani Cash, ko a je a amso a NITA, Amana ko Al Izza. Kaya kuma su bi mota. Allah ya sa muna bakin babbar hanya. Maraɗi kamar kilomita 50 ce. Yamai wajen kilomita 600. Jarkar mai da aka ɗora a tasha da safe, kafin azahar tana Maraɗi.

To, ina ganin wannan ciniki yana da kyau, kuma ina son ki gwada shi. Ki duba. Mai tatsar mai da ke jiran ranar kasuwa ba ta san abin da za ta sayar ba. Wata rana ya ƙare tun hantsi. Wata rana ta komo da rabi, ga kuɗin mota ta biya. Amma in tana da gida goma a Maraɗi, kowane gida lita 2 a wata, ta san lita 20 sun riga sun sami mai su. Ta san yawan gyaɗar da za ta saya. Ta san ranar da za ta kai inji. Ba ta bin kowa bashi, ba ta aika yaro ya tsaya a ƙofar wani ana ce mishi «ka dawo gobe». Ma'aikacin da ke birni shi ma ya huta. Yana samun mai tsantsa na gida, bai shiga kasuwa ba. Haka mai aya a Agye ko Gazawa, haka mai busar da zogale a bakin Gulbi, haka mai yajin daddawa. Duk abin da ake ci ya ƙare a sake saye, kuma ba ya lalacewa a hanya, ana iya yi mishi abonoma.

Amma akwai rami a hanyar. Na ga wadda ta faɗa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata baiwar Allah ce da ta yi karatu a wurina. Mace mai himma, manta ba ya da na biyu a unguwarsu. Ɗanta ya sa mata hoton kayanta a waya. Wata ƴar'uwarsu da ke aure a Maraɗi ta nuna ma ƙawayenta. Kafin wata biyu ta sami gidaje da dama. Lokacin kaka ne, gyaɗa ta yi araha. Sai wata daga cikinsu ta ce: «Mu biya ki na wata shida gaba ɗaya, ki rage muna, kowa ya huta.» Ta yarda. Kuɗi suka shigo waya, irin waɗanda ba ta taɓa riƙewa lokaci guda ba.

Ba ta ci amanar kowa ba da gangan, wannan na shaida. Amma bikin ɗiyarta ya matso. Ga gado, ga katifa, ga kwanoni. Ta ce a ranta, ai kuɗina ne, na ciniki ne. Ta sayi gyaɗar wata biyu, sauran suka shiga kayan ɗaki.

Wata na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na uku ta ɗan cika da abin hannunta. Da bazara ta kama, kin san yadda gyaɗa ke yi. Rumbuna sun yi ƙasa, manoma sun fara neman iri, tiya ta hau. Ita kuwa ta riga ta sayar da man watan Afrilu da farashin watan Nuwamba, har da ragi. Kuma kuɗin ba su nan. Ta zo wurina da wayar a hannu, tana ta ƙara. Ta ce: «Malam, mutanen nan sun hana ni barci. Kuɗin da sunka ba ni tun kaka, yanzu ko rabin man ba su saye.» Na ce ta kawo takardar da ta rubuta. Ba takarda. Duk lissafin yana cikin saƙon murya, wasu ma ɗanta ya goge don waya ta cika. Wata ta ce lita 3 aka yi da ita. Ita tana tuna lita 2. Wa za a gaskata?

Ƙarshenta akuyarta ja ta sayar, mai ciki, ta cika alkawari. Gida biyu duk da haka suka bar ta.

Ga abin da nake son ki riƙe. Ranar da kuɗin abonoma suka shigo wayarki, ba ki sayar da komai ba. Bashi kika ci. Mai saye ya ba ki kuɗi, ke kuma yana bin ki mai. Kuɗin suna zama naki kaɗan kaɗan, duk ranar da jarka ta isa hannunshi. In an biya ki na lita 4 kin kai lita 1, kashi ɗaya ne naki. Kashi uku ajiya ce. Kuɗin waya suna ruɗi, don ba su da nauyi, kuma ba a rubuta sunan mai su a jikinsu ba.

Mu manoma ai mun san ɗacin wannan. Wanda yunwar damina ta matsa, ya amshi kuɗin ɗan kasuwa a kan hatsin da ke tsaye a gona, kin san yadda yake ƙarewa da kaka. Ba banza ake ce ma abin «a ci ba daɗi» ba. Abonoma mai tsawo ƙanwar wannan ce. Bambancin kawai, a nan ke kika kira mai kuɗin da kanki. Malamai ma sun san irin wannan ciniki na biya tun gaba, suna ce mishi salam. Sun ce sai an san awo, an san irin kayan, an san lokacin kaiwa. Ki tambayi malamin unguwarku, zai ƙara miki bayani.

Saboda haka shawarata, kar ki wuce wata ɗaya. Wata ɗaya gyaɗa ba ta cika yin tsallen da zai karya ki ba. In ta hau, ƙarshen wata ki faɗa ma mutanenki sabon farashi, wanda ya yarda ya sake biya. Ba gyaɗa kaɗai ke tashi ba. Ki tuna 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zo muna daga can, kaya suka yi tsada. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe iyakar. Wa ya san haka za ta faru a watan Yuni? Wadda ta amshi kuɗin wata shida a watan Yuni, ita kaɗai za ta ɗauki nauyin. Mai saye ba ruwanshi, ya riga ya biya.

Na san abin da za ki ce. «Malam, ai kuɗin wata shidan nan su ne jarina. In ban amsa ba, da me zan sayi gyaɗa lokacin araha?» Maganarki tana da hujja, ban raina ta ba. Wanda ya sayi gyaɗa da kaka shi ke cin riba da bazara, kowa ya sani. In har za ki amshi kuɗi masu tsawo, to sharaɗi ɗaya ne. A cikin satin nan ki juya su su zama buhunan gyaɗa, na dukan watannin, ki jibge a ɗaki bisa katako, inda ba laima. Buhu ba ya shiga kayan biki da sauƙi kamar kuɗin waya. Amma ki yi ma kanki gaskiya. In kin san akwai suna ko aure gabanki, ko maigida na iya cewa «ranta mini, in na sayar da wake in mayar», to kar ki amsa. Ki nemi jari inda aka saba nema. Asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi, a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, yau ya bazu ƙasashe da yawa. Bashin asusu, kin san ranar biya, kin san abin da za ki ɗora. Bashin mai kuwa, girma yake yi tare da tiya, ba ki da iko da shi.

Yanzu yadda za ki tsara abin. Ki fara da kaya iri ɗaya, wanda kika fi iyawa. Ki yanka awo da kowa ya sani: lita, ko tiya, ko ƙulli mai yawa kaza. «Na jika biyu» ba awo ba ne, don na jika biyun yau ba shi ne na gobe ba. Ki yanka ranar kaiwa, ki zaɓi wadda motoci ke da yawa. Ki faɗi tun farko wa zai biya kuɗin mota, wa zai biya kuɗin cirewa a wurin masu tura kuɗi. Ƙananan kuɗin nan su ke cinye riba ba a sani ba. Jarka ma a yi maganarta: za a maido ta, ko tana cikin farashi? Duk wannan ki rubuta shi cikin layi huɗu ko biyar, ki tura ma mai saye a rubuce, ya amsa a rubuce. In bai iya karatu ba, ki bi da saƙon murya, amma rubutun ya zauna.

Sai kaye. Na ɗari biyu ma ya isa. Kowane mai saye shafinshi daban. Ga misali:

Malamar likita, Maraɗi.
2 ga Maris: ta biya 3000. Lita 2.
6 ga Maris: an kai lita 1. Saura lita 1.
20 ga Maris: an kai lita 1. Ba saura.

Kalmar «saura» ita ce babba a shafin. Duk daren Juma'a ki haɗa sauran kowa da kowa. Abin da ya fito, shi ne bashin da ke kanki. Ki duba ɗaki: man da ke akwai da gyaɗar da ke akwai sun isa su biya shi? In sun isa, kwanta ki yi barci. In ba su isa ba, kar ki taɓa ko dala cikin waya sai kin cika.

Tun da na ambaci dala, bari in tsaya nan kaɗan, don nan ake yawan faɗuwa a aji. Bakinmu da dala yake ƙirga, waya kuwa da faran take rubutu. Dala ɗaya faran 5 ce. In kin ce «ɗari uku», waya za ta rubuta 1500. In kin ga 300 a waya, dala sittin ce kawai. Na ga wanda ya ga saƙon 600, ya ɗauka dala ɗari shida ce, wato jika uku, ya ɗora kaya a mota. Ashe dala ɗari da ashirin aka turo. A kayenki ki rubuta yadda waya ke rubutawa, kar ki haɗa ƙirga biyu a shafi ɗaya. Kuma kar ki yarda da hoton saƙo da wani ya turo miki wai ya biya. Hoto ana ƙera shi. Ki duba kuɗin cikin wayarki da kanki, ko ki amso su a hannu, sannan kaya su tashi.

Saura magana guda, ita ce ta ƙofar fita.

Ni kaina an taɓa yi mini. Wata shekara na lura kiredina na ƙarewa ban kira kowa ba. Kullum ana ɗebe ɗan kaɗan. Ashe wata rana na danna wata lamba ban sani ba, aka sa ni cikin abonomar waƙa, wadda mai kira na ke ji. Shiga da danna ɗaya ce. Fita kuwa sai da na yi kwana da kwanaki ina tambaya, har wani yaro mai sayar da kati ya cire mini. Kuɗin ba su da yawa. Amma har yau in na tuna raina na ɓaci, don an ci ni ban ce a ci ba.

Ba talaka kaɗai ake yi ma haka ba. A Amurka hukumar da ke kula da ciniki ta kai Amazon ɗin nan ƙara kotu. Ta ce yana sa mutane cikin abonomarshi mai suna Prime ba su gane ba, kuma ya tsananta hanyar fita. A watan Satumba na 2025 kamfanin ya yarda ya biya dalar Amurka miliyar 2 da rabi a kashe maganar, ko da yake bai amsa laifi ba. Miliyar 1 da rabi daga ciki na mayar ma masu saye ne.

A nan ne nake ganin mun fi su sa'a. Ke ba ki da na'urar da za ta cire kuɗi daga aljihun mutum yana barci. Dole duk wata ki tambaye shi, shi kuma ya tura da hannunshi. Wasu na ganin wannan wahala ce. Ni ina ganin shi ke tsare mutunci. Kwana uku kafin wata ya cika, ki aika gaisuwa: «Hajiya, ina wuni, watanmu ya kusa cika, a ci gaba?» In ta ce a ci gaba, madalla. In ta ce a dakata, za ta yi tafiya ko albashi bai fito ba, ki ce to, Allah ya kai mu. Kar ki yi fushi, kar ki yi mata gori. In ta fasa a tsakiyar wata, ki buɗe kaye, ki duba saura, ki mayar mata da kuɗin abin da ba ki kai ba, ranar nan. Za ki iya, tun da ba ki taɓa su ba. Wadda aka mayar ma kuɗinta ba gardama, ita ce ke ba ƙawarta lambarki.

Kar kuma yawan mutane ya ruɗe ki. Hannu biyu gare ki, turmi ɗaya, kasko ɗaya. In lita 20 kike iya tatsa a wata ba ki kwanta ciwo ba, ki tsaya a gida takwas, ki bar lita 4 don ranar da jarka ta fashe a mota ko direba ya sauke ta a wani gari. Hakan na faruwa. Na tara da na goma ki ce musu su jira, in wuri ya samu za ki kira. Ranar da kika fara sayo man kasuwa kina ƙarawa cikin naki don ki cika alkawari, ranar cinikin ya fara mutuwa. Mutanen birni ba don araha suke aiko miki ba. Mai yana nan a kasuwar Maraɗi. Don ƙamshin naki suke aikowa, kuma hanci ba ya mantuwa.

Waccan baiwar Allah ba ta bar sana'a ba. Yanzu gida shida take kai ma, wata wata. Tana da kaye mai jan bango, ta ɗaure mishi bik da zare don yara kar su ɗauke. Bara da kaka ɗaya daga cikin mutanenta ta sake kawo maganar wata shida. Ta zo ta gaya mini tana dariya. Na ce me kika ce mata? Ta ce: «Na ce Hajiya, ki riƙe kuɗinki, sun fi tsaruwa a wurinki. Ni na wata guda nika iya ɗauka.»